Mari Ba Magani Ba Ne: Sharhi Kan Kula Da Masu Taɓin Hankali Da Masu Raunin Fahimta A Arewa

A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Kafin wata guda ya cika an buɗe irinsa a Daura da Katsina da Zariya, hotuna suka zaga duniya, hukumomi suka shiga sanar da rufe gidajen mari. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan wurare 28 da ta ziyarta a jihohi 8 da Abuja. Abin da ta gani ya nuna al'amarin bai tsaya ga gidajen malamai ba. Ta tarar da ɗaurarru a coci-coci, da gidajen masu maganin gargajiya, da cibiyoyin gyaran hali na gwamnati, har da asibitoci.

Akwai abin da aka yi saurin mantawa a cikin waccan hayaniya. Mafi yawan mutanen nan ba sato su aka yi ba, iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi. Uwar da ta kai ɗanta a sa masa mari ba ƙinsa take yi ba. Ta yi kwanaki ba ta runtsa ba, ya fasa ƙofa, ya zabura wa ƙannensa da wuƙa, maƙwabta sun kawo ƙara wajen mai unguwa, ita kuma ba ta san wata ƙofar da za ta buga ba. Wannan bai wanke marin ba, zalunci ne ko wa ya ɗaura shi. Amma duk wanda ya rufe gidan mari bai buɗe wa wannan uwa wata hanya ba, to ya dai mayar da marin cikin ɗakinta ne, inda ba ɗan jaridar da zai gani. A ƙasar nan iyali ne ke ɗauke da nauyin mai taɓin hankali, dare da rana, shekara da shekaru. Duk tsarin kiwon lafiyar da bai faro daga wannan gaskiyar ba, a takarda zai tsaya.

Matsala ta farko ita ce mun tara cututtuka daban-daban mun yi musu kuɗin goro. A ɗaki ɗaya za ka tarar da mai jin muryoyi, da ɗan ƙwaya, da mai farfaɗiya, da yaron da aka haifa da raunin fahimta, da wanda laifinsa kawai rashin jin magana. Kowannensu da abin da ke damunsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Ciwon da likitoci ke kira sikizofiriniya ya fi kama matasa, daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen talatin. Mutum zai fara janyewa daga jama'a, ya bar wanka, ya riƙa jin ana yi masa magana alhali ba kowa, ko ya haƙiƙance cewa an sa masa guba a abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana shafar kusan mutum 1 cikin 300. Akwai kuma ciwon da ke zuwa da fuska biyu: wani lokaci mutum ya kasa barci amma ba ya gajiya, ya yi ta surutu, ya rabar da jarinsa, ya ce shi ne zai gyara duniya, bayan wasu makonni ya faɗa cikin baƙin cikin da ko tashi daga shimfiɗa ba ya iyawa. Akwai ruɗewar da ke kama mai jego a makonni biyun farko bayan haihuwa, mace 1 ko 2 cikin kowace 1,000. Ita wannan ta gaggawa ce, don ran uwa da na jariri duk suna cikin haɗari, amma tana cikin waɗanda suka fi jin magani. Sai kuma wanda ya ruɗe farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya. Shi wannan ɗakin gaggawa ya kamata a nufa da shi a ranar, domin yana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya zama ajali.

Wanda ya fi duka yawa shi ne wanda ba a gani a titi, wato ciwon damuwa. Mai shi ba ya jifa, ba ya tuɓe riga, shi ya sa ba a ɗauke shi mara lafiya ba. A wajenmu da wuya mace ta je asibiti ta ce ranta ne a ɓace. Cewa za ta yi kanta na zafi, zuciyarta na bugawa, wani abu na yi mata yawo a jiki, ba ta barci, abinci ba ya yi mata daɗi. Sai a rubuta mata maganin taifod da na maleriya, ta sha, ta dawo, a sake rubuta mata. A gida kuma a ce ba ta da haƙuri, ko kishi ne ke cin ta, ko imaninta ne ya yi rauni. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da irin wannan bayan haihuwa. A lissafa gidajen suna nawa ake yi a Kano kaɗai a mako guda.

Idan ciwo ya bayyana, hanyar da ake bi sananniya ce. A fara da malamin unguwa, a yi tofi da rubutun sha. In bai yi ba a tafi wajen mai ruƙiya, daga nan boka ya ce sammu ne ko kurciya, a wasu wuraren a ce iska ce sai an yi girka. Asibiti shi ne zangon ƙarshe, bayan an sayar da akuya da gona, ciwon kuma ya yi shekaru yana cin mutum. Masana sun daɗe da gano cewa gwargwadon daɗewar irin wannan ciwo ba tare da magani ba, gwargwadon wahalar dawowar mutum daidai.

Ban ga dalilin da zai sa a ce wa Musulmi ya zaɓi ɗaya tsakanin addu'a da ƙwayar magani ba. Magabatanmu ba su yi wannan rabon ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum daga jikinsa ba tare da wani dalili na zahiri ba, ya kuma nuna kowanne da irin kulawarsa. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Fiƙihu kuwa ya ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin ibada da na hukunci. To wanda shari'a ta ce ba a kama shi da laifi, da wace hujja ake zane shi da dorina da sunan korar aljani? Dukan a jikin ɗan Adam yake sauka, shi ne ke kwana da ciwon.

Kuma an gwada haɗa malami da ma'aikacin lafiya, an ga amfani. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun yi gwaji a Ibadan da Kumasi ta Ghana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa gidajen masu maganin gargajiya da na masu addu'a suna duba marasa lafiya, suna ba da magani, masu gidan na ci gaba da nasu. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna waɗanda suka samu kulawar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Malaman da ke ruƙiya a Arewa sun fi likitocin ƙwaƙwalwa yawa nesa ba kusa ba, kuma su jama'a suka yarda da su. Malamin da ya san alamomin da zai ce wa iyaye su wuce asibiti yanzu-yanzu, ya fi allon sanarwa dubu amfani.

Me asibitin yake da shi? Kafin 1952 amsar ita ce kusan babu, sai katanga da makulli. A wannan shekarar ne likitoci a Faransa suka fara amfani da maganin da aka fi sani da Largactil, wanda ke kwantar da muryoyi da ruɗani ta hanyar rage aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. Bayansa aka samu haloferidol, daga baya risferidon da olanzafin. Tun 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya gano amfanin litiyum ga ciwon nan mai fuska biyu. Ciwon damuwa yana da amitiriftilin da fuloksetin. Mafi yawan waɗannan tsofaffin magunguna ne masu araha, suna kuma cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su a ƙasa ba. Ita farfaɗiya, wadda ciwon ƙwaƙwalwa ce ba taɓin hankali ba, kuma ba a ɗaukarta ta yawu kamar yadda ake faɗa, mutum 7 cikin 10 na iya daina faɗuwa in suna shan magani a kan kari.

Sai dai a nan ne aka fi yin tuntuɓe, don ba a zama a yi wa iyali bayani. Magungunan nan ba kamar na ciwon kai ba ne da za a sha a ji sauƙi kafin la'asar. Suna ɗaukar makonni biyu zuwa shida kafin amfaninsu ya fito sosai. Wasunsu na sa wuya ya sanƙare, harshe ya fito, ido ya kafe sama, hannu ya riƙa rawa, yawu na zuba. Iyalin da ba a gaya musu ba sai su firgita, su ce maganin Bature ya fusata mutanen ɓoye, su watsar da shi. Alhali gyaran mai sauƙi ne: likita ya rage yawan maganin, ko ya canza shi, ko ya haɗa da Artane na ɗan lokaci. Sababbin magungunan kuma suna sa ƙiba da hawan suga, don haka suna son awo lokaci-lokaci. Mace mai shan maganin farfaɗiya mai suna balfurowet, lalle ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, don yana iya cutar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Babban tuntuɓen shi ne daina shan magani da zarar an ga sauƙi. Mutum ya dawo hayyacinsa, ya koma kasuwa, sai dangi su ce ai ya warke, me zai ci gaba da haɗiyar ƙwaya? Ko kuɗin mota zuwa asibiti ya gagara. Bayan wata huɗu ko shida ciwon ya dawo, sau da yawa fiye da na farko, sai a ce ai dama asibiti ba ya maganin wannan. Wasu daga cikin cututtukan nan kamar hawan jini suke, riƙe su ake yi da magani na tsawon lokaci, mutum ya yi aure, ya yi sana'a, ya aurar da 'ya'yansa. Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi masa wuya akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako uku ko huɗu, irin su Modecate. Allura ce da ma'aikacin jinya na ƙauye zai iya yi. Ana iya cewa tazarar da ke tsakanin mutane da yawa da turu ba ta wuce wannan allurar ba.

Abin da ba magani ba kuma a faɗe shi: zuwa kemis a sayo Valium a ɗura wa mara lafiya don ya yi barci. Yana sa barcin, ba ya taɓa ciwon, kuma jiki na sabawa da shi. Shi kuwa maganin lantarki da ake yi wa ƙwaƙwalwa, wanda mutane ke tsoro, in an yi shi yadda ya dace, bayan an sa mutum barci da allura kuma da amincewa, yana ceton wanda damuwa ta kai shi ga ƙin ci da sha.

Yanzu ina ake samun duk wannan? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum wasu na tafiya Ingila da Saudiyya. A Arewa sunayen da ake ji su ne Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, asibitin Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Jos. Mutumin da ke ƙauyen Zamfara ko Yobe sai ya yi shatar mota, ya nemi ƙarti biyu da za su riƙe mara lafiya, ya bar gonarsa kwana biyu. Zai iya yin haka sau ɗaya. Ba zai iya yi duk wata ba.

Abin takaici shi ne amsar wannan a ƙasar nan aka fara gano ta. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai aka sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, su zo asibiti da rana su karɓi magani, su koma su kwana cikin mutane. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Duniya ta zo ta koya, shi kansa ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1991 Najeriya ta rubuta manufar da ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci. Shekaru fiye da 30 ke nan, amma shiga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da kai ka tambayi ko akwai haloferidol.

Ba wai ba a san yadda za a yi ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na karkara yadda za su gane waɗannan cututtuka su ba da magani, ƙwararre na duba aikinsu lokaci-lokaci. An yi amfani da shi a Borno, inda ma'aikatan asibitin Maiduguri suka riƙa fita zuwa ƙananan asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira. Haka kuma maganin da ake yi da magana ba sai mai digiri uku ba. A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfaninsa. A yankin Rawalfindi na Pakistan, cikin al'ummar Musulmi masu zaman gandu irin namu, mata ma'aikatan lafiya da ke shiga gida-gida sun rage ciwon damuwar masu ciki da masu jego ƙwarai da gaske. Mu da muke da unguwarzoma da malaman Islamiyya mata da 'yan rigakafin shan inna da suka san kowane zaure, ba mutane muka rasa ba. Ga kuma buƙata ta ƙaru: duk wanda ya kwana a hannun 'yan bindiga, ko aka kashe nasa a gabansa, ya dawo da raunin da ba a gani a fata.

Ta fuskar doka an ɗan motsa. Dokar da Turawa suka kafa a 1916, aka sabunta a 1958, ta ɗauki mai taɓin hankali a matsayin haɗarin da za a tsare. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mara lafiya haƙƙin a nemi yardarsa, ta gindaya sharuɗɗa kan tsarewa da ɗaurewa, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi. Amma ƙananan asibitoci da manyan asibitocin gari a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, don haka in majalisun jihohi ba su ɗauka ba, dokar a Abuja za ta zauna. Sannan kundin Penal Code da Arewa ta gada ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Haramcin kisan kai a addini ba abin gardama ba ne, amma wanda ciwo ya kai shi bakin rijiya likita yake buƙata, tsoron 'yan sanda kuwa sa iyali yake yi su ɓoye shi. Ghana ta cire irin wannan hukunci a 2023.

Batun ƙwaya shi kaɗai sharhi ne. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. Abin da zan ce kawai shi ne, kulle yaro wata shida ya rabu da tiramadol ba shi ne warkewa ba, in zai fito ya tarar da majalisarsa ta da, ba aiki, ba mai bibiyarsa.

Waɗanda aka fi mantawa da su a duk wannan zance su ne masu raunin fahimta, yaran da akan ce musu galahanga, ko dolo, ko a wasu ƙauyuka a ce ɗan ruwa ne aka musanya. Nasu ba ciwo ba ne da ya zo ya sami mai lafiya. Ƙwaƙwalwar ce ta samu cikas tun a ciki, ko wajen haihuwa, ko a ƙuruciya, sai yaro ya yi jinkirin zama da tafiya da magana, koyo ya zame masa a hankali. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma ya fi yawa a ƙasashe matalauta. Babu ƙwaya ko allurar da ke ƙara fahimta. Duk wanda ya ce yana da ita, kuɗin iyaye yake so.

Wasu dalilan ba laifin kowa ba ne, kamar larurar Down, wadda ke zuwa daga ƙarin ƙwayar halitta ta 21, a kusan haihuwa 1 cikin 1,000. Amma da yawa daga cikin na wajenmu abubuwa ne da za a iya tarewa, kuma wannan ne ke ci mini rai. Doguwar naƙuda a gida, jariri ya fito bai yi kuka ba, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa na 'yan mintuna. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Shawarar jarirai, inda ido da fata ke yin ɗorawa a makon farko, a tsaya ana jiƙe-jiƙe, alhali hasken fitila mai shuɗi na asibiti na kawar da ita kafin ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kafur ɗin da ake sa wa a kayan jariri ma yana tayar da ita ga wasu yaran. Sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya bar wasu da kurumta da raunin fahimta. Zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga. Tamowa, a yankin da fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka tsumbure. Ƙarancin sinadarin aidin, wanda ya sa aka wajabta sa shi a gishiri tun 1993. Sai gubar dalma: a 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Yaran nan yanzu samari ne da 'yan mata. Wa ke tambayar inda suke?

Abin da yaro mai raunin fahimta yake buƙata shi ne koyarwa, da wuri, da haƙuri. Mafi yawansu nasu mai sauƙi ne. In an raba aiki gunduwa-gunduwa, aka maimaita kullum, aka yaba masa in ya yi daidai, zai koyi cin abinci da kansa, da tsarki, da alwala, da gane kuɗi, daga baya kiwo ko saƙa ko taya tsaron shago. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyaye kan wannan, wanda ba ya buƙatar gini ko na'ura, zama ne da iyaye mata rukuni-rukuni da ziyarar gida. In irin wannan yaro ya fara duka ko cizon kansa, kafin a ce a ba shi maganin barci a duba haƙorinsa da kunnensa da cikinsa, don sau da yawa ciwo ne yake ji ba shi da bakin faɗa. Da yawansu kuma suna da farfaɗiya, wadda in an yi maganinta koyonsu kan ƙaru.

Makarantun musamman da muke da su, irin ta Tudun Maliki a Kano, sun fi karkata ga kurame da makafi. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, amma ajin firamare mai yara ɗari da malami ɗaya ba zai iya da yaron da ke son a maimaita masa sau ashirin ba. Sai a bar shi a gida, ko ya zama abin tsokanar yaran unguwa, ko a ɗora shi a baro a tafi bara da shi. 'Yan matan cikinsu kuwa su ne farautar miyagu, don an san ba za su iya ba da labari ba, in sun bayar ma ba a yarda. Aurar da su don a huta, ko yi wa namiji aure wai zai warke, ƙara wa matsalar mutum na biyu ne da 'ya'ya. Gadonsu nasu ne, shari'a ta tanadi waliyyin da zai riƙe musu amana, ba ta ce 'yan'uwa su raba ba.

Uwar irin wannan yaro ita ce ke shan duka. Dangin miji su ce daga wajenta ne, wani lokaci a sake ta, ta daina zuwa biki da suna don ba mai riƙe mata shi. Tambayar da ke hana ta barci ɗaya ce: in na mutu wa zai riƙe shi? Wannan tambaya ba likita ne zai amsa ta ba, al'umma ce. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta daɗe tana ɗaukar nauyin maganin masu taɓin hankali marasa galihu, kuma babu abin da zai hana sauran jihohi da attajiranmu su yi waƙafin gidan yini a unguwa, inda za a koya wa yaran nan daga safe zuwa azahar, uwa ta samu ta yi sana'a ta huta.

Kirana ga gwamnoninmu da 'yan majalisun jihohi shi ne su ɗauki dokar 2023 su mayar da ita ta jiha, su ware mata kuɗi a kasafi, su tabbatar kowace ƙaramar hukuma tana da aƙalla asibiti ɗaya mai horarren ma'aikaci da magungunan nan a kan kanta duk wata. Limamai su ɗauki batun a huɗubar Juma'a. Kai kuma mai karatu, in akwai gidan da ka sani a layinku mai irin wannan jinya, ka shiga ka gaishe su, ka tambayi ranar da za su koma asibiti, in da hali ka biya musu kuɗin motar.